Abin da Ya Kayar da Motar Baba Ɗan'asabe

Yaran da ke saukowa daga Arewa yanzu, da sun dira a tashar bakin gada da ake kira Head Bridge sun ga muna lodi, sai ka ji ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, "Wannan ai ƙarfi ne kawai." Ba na musu da su. Nakan miƙa wa mai maganar gammo, in nuna masa buhunan garin kwaki, in koma inuwa in ci gorona. Kafin la'asar zai zo yana tafiya kamar wanda aka yi wa sabuwar kaciya, ya durƙusa ya ce, "Baba Sale, barka da yamma," da ladabin da bai taho da shi daga gida ba. A lokacin muke fara karatu.

Sunana Sale, amma a nan Anacha Sale Gammo ake ce mini, wai tsakiyar kaina ta riga ta zama gammo da kanta. Aji biyu na yi a makarantar ƙauyenmu, na biyun ma maimaicin na farkon ne. Ranar da malam ya ce a raba mangwaro biyar ga yara biyu, na ce ya danganta da wanda ya fi ƙarfi. Malam ya yi mini dukan da ya nuna lallai shi ya fi ƙarfin, ni kuma ban sake komawa ba. Da na tasa na biyo motar albasa na sauko Kudu, na faɗa hannun Baba Ɗan'asabe.

Baba Ɗan'asabe shi ne babban mai lodi a wajenmu a lokacin. Gajere ne, ba ya son surutu, kuma ban taɓa ganin ya ɗauki buhu don a yaba masa ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: ƙugiyar jan buhu wadda mariƙinta ya yi sulɓi saboda gumi, igiyoyi iri-iri da yake naɗewa da kansa ba ya yarda wani ya naɗe, tamfol, katakai masu kauri da muke jinginawa a bayan mota mu mirgina duro a kai, da guntayen itace na tokare kaya. Watannin farko bai bar ni na taɓa kaya ba. Igiya kawai nake miƙawa. In na ɗaure ya zo ya sa yatsa ɗaya ya ja, in ta motsa ya kwance ya wuce ba tare da ya dube ni ba. Na fi son ya zage ni, amma bai taɓa yi mini wannan alherin ba.

Lodin doya da ayaba na farko da ya bar mini har yau ina ganinsa. Na jera doya a gefe ɗaya don ta fi kusa da ni, na zuba ayaba a ɗaya gefen. Ya zagaya motar, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya kira ni ya nuna mini sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin bodin. Na hagu ya kwanta, na dama yana tsaye kamar bai san ana aiki ba.

"Sale, in aka ɗora maka buhu a kafaɗa ɗaya aka ce ka tafi Kano da ƙafa, za ka kai?"

"Ba zan kai ba, Baba."

"To ita me ta yi maka?"

Na sauke kayan nan kaf na sake. Ƙa'idarsa guda biyu ce, kuma ita muke bi har gobe: hagu da dama su yi daidai, mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Direbobi kan yi layi su jira shi ko da akwai wasu masu lodi zaune ba aiki. Matan Ibo masu manja da gari ba sa iya faɗin sunansa, sai su ce Papa Load. In mota ta gama lodi za ta tashi, akwai al'adarmu: direba yakan leƙo ta taga ya ce, "Akwai saƙo?" Lokacin ba waya a aljihun kowa. Wani ya ba da atamfa a kai wa uwarsa, wani ya ce a gaya wa mutanen gida yana nan lafiya. Yanzu kowa da wayarsa, amma tsofaffin direbobi ba su daina tambayar ba, ta zama kamar sallama.

Shekarar da ta ɓaci mana shekarar ruwa ce. Damina ta yi nauyi, kogi ya cika har ya shiga rumfunan da ke bakin Kasuwar Ose, gari ya yi sanyi, rana ta yi kwanaki ba ta leƙo ba. Wani ɗan kasuwa ya kawo manja da ya tattaro daga ƙauyuka, wasu durorin cike, wasu rabi. Ya so a haɗe na rabin a cika, amma manjan ya daskare. Mu a nan cewa muke ya yi barci. Manja in ya yi barci ko ka kifa duron ba ya zuba. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana jijjigawa, ba motsi, kamar an zuba siminti. Sai ya bi ƙa'ida. Cikakku a ƙasa, aka shimfiɗa katakai, na rabin a sama tun da su ne marasa nauyi. Muka tokare, muka ɗaure, muka ja baƙin tamfol muka rufe. Ya sa yatsa ya ja kowace igiya, ba wadda ta motsa. Motar ta tashi da hantsi, a daidai lokacin da rana ta fito a karon farko bayan kwanaki, har muna cewa direban mai sa'a ne.

Bayan azahar labari ya zo. Motar ta kife a wata kwana mai gangara kafin a kai Inugu. Direban ya rayu, amma ƙugunsa ya karye, bai sake riƙe sitiyari ba. Ya rantse ba gudu yake ba, kuma waɗanda ke bayansa sun shaide shi. Taya lafiya, birki lafiya. Ya ce yana shiga kwanar ya ji kamar wani ƙato ya bangaje motar daga sama.

Daga nan bakuna suka buɗe. Wasu suka ce sammu aka yi wa Baba saboda ya tare wa mutane abinci. Wasu suka ce kwanar ce ke da mutanen ɓoye. Direbobi ba su ce komai ba, sun dai daina layi. Ba wanda ya zarge shi a gabansa, amma in mota ta shigo sai ka ga an kira wani. Limaminmu ya zo ya yi masa nasiha a kan ƙaddara, Baba ya saurara har ƙarshe kansa a ƙasa, sannan ya ce, "Allah gafarta malam, na yarda Allah ne ya ƙaddara. Ta wace hanya ya ƙaddara, ita nake son in sani."

Bai cika shekara ba ya tattara ya koma garinsu, can wajen Gumel. Ni na ɗora masa akwatinsa a mota. Ya bar mini ƙugiyarsa da igiyoyinsa. Da direba ya leƙo ya ce akwai saƙo, Baba da ke zaune a gefensa ya juyo ya dube ni.

"Sale, kai kana cikin 'yan boko a nan. In ka ji dalili, ka aiko mini."

Na ce to. Na ɗauka abin kwana kaɗan ne, tun da gari cike yake da makarantu.

Daga ranar na zama fitina ga duk yaron da ya ratsa ta tasha da kayan makaranta. Ina da lemo mai sanyi ga duk wanda ya ba ni amsa. Nakan tare su, 'ya'yanmu da 'ya'yan Ibo duka, in ce, "Kai ɗan ajin kimiyya ne? To zo. Mota ce, an yi mata lodi bisa ƙa'ida, mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Taya lafiya, birki lafiya, ba gudu. Ta kife a kwana. Me ya kayar da ita?"

Wani ya sosa ƙeya ya ce ba a zo wajen ba tukuna. Wani ya ce ba ya fitowa a jarrabawa. Masu ƙoƙarin cikinsu su ƙame kamar soja su kwararo mini wani dogon Turanci da suka haddace, da sunan wani Bature da ya mutu tun kafin a haifi kakana. In na ce, "To fassara mini da motar nan da ke gabanka," sai ido ya raina fata. Ba na ganin laifinsu. Na tambayi wasu ko sun taɓa riƙe kayan gwajin da aka zana musu a littafi, suka ce ɗakin gwajin makarantarsu a kulle yake, wasu suka ce kujeru karyayyu aka tara a ciki. Wani ya ce malamin lissafinsu shi ne na kimiyya, shi ne kuma mai buga ƙararrawa. Lemon dai ni nake shanye abina. Ina jin rabin ciwon sukarin da likita ya ce ina da shi, 'yan ajin kimiyya ne suka ja mini.

Ana cikin haka labarin rasuwar Baba ya zo a bakin wani direban shanu. Ban daina tambayar ba. Ta riga ta zama tawa.

Ɗana Auwalu, wanda ke sayar da albasa a Ose, yana da 'ya, Bilki. A nan aka haife ta, Ibo a bakinta kamar ruwa, in ta yi Hausa ma sai ta jefa Burokin, Turancin nan na kasuwa, a ciki. Ranar da ta zo ta ce an sa ta ajin kimiyya, na yanka kaza, kowa ya ɗauka son jika ne. Son jika na ciki, amma ni na san abin da nake kiwo. Na ce a raina, tun da na waje sun gagara, ga tawa a gida.

Sai sakamako ya fara zuwa. Ban iya karanta shi ba, amma na san jan biro in na gan shi, kuma takardar Bilki kamar an yanka zakara a kanta. Lissafi ja, fiziks ja. Zango ya zagayo, ja ya ƙaru. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, kusan duk ajin haka suke, kamar wannan zai sanyaya wa ubanta rai. Auwalu ya same ni bayan sallar Juma'a.

"Baba, na yanke shawara. Ƙarshen zangon nan zan cire ta daga ajin nan. Ko ta koma na kasuwanci, ko ta zauna wajen uwarta ta koyi ɗinki. Kanta ba na lissafi ba ne."

"Kan wa ta gado?"

"Baba, ni dai ban ce komai ba."

"Gara da ba ka ce ba. Ka bar mini ita zango ɗaya."

"In ta sake kawo ja fa?"

"In ta sake, ni da kaina zan saya mata almakashi."

Da yamma na kira ta. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsohon miji.

"Amarya, ashe sakinki za a yi daga ajin kimiyya."

"Tsohon miji, ka bar ni. Abin nan ba ya shiga. Madam malamarmu tana rubutawa, muna kwafa, ta goge, ta sake rubutawa. In na rufe littafi, everything don go."

"To kai mata tambayata."

"Wace? Ta motar nan? Kaka, duk makarantarmu an san ka. Ana ce maka Baba Why."

"Kai mata dai. Ki ce wani tsoho ne da bai gama aji biyu ba yake neman taimako."

Ban sa rai ba. Ranar Asabar da hantsi ina zaune kan benci sai ga Bilki da wata mata siririya mai tabarau, riƙe da lema, tana tsallake taɓo da takalmin coci. Madam Uju ke nan, malamar fiziks. Ta gaishe ni da Alhaji, na ce ban je ba tukuna, ta ce ba komai, zan je. Na tashi na ba ta bencin, na buɗe baki zan fara karatuna na kullum, ta ɗaga hannu. Da Burokin take magana, Bilki na cike mini inda na ɓace.

"Ba ni za ka gaya wa ba, Alhaji. Bilkisu, ke za ki yi tambaya. Ni ban san motar ba, ke ma ba ki san ta ba. Shi ya gan ta. Tambaye shi har sai kin gan ta."

Bilki ta tsaya tana murza gefen hijabi. Shekara da shekaru ina tare yara, ba wanda ya taɓa mayar mini da tambaya. Da ƙyar ta ce, "Kaka, mene ne a cikin motar?"

"Manja."

"A jarka?"

"A duro. Cikakku a ƙasa, na rabi a sama."

"Me ya sa ba a cika su ba?"

"Ya yi barci, ba ya zuba."

Madam ta gyara tabarau. Bilki ta dube ta tana neman agaji, Madam ta kau da kai tana kallon masu turin baro. Sai yarinyar ta ci gaba da kanta. Da me aka rufe? Baƙin tamfol. Da safe ko da rana? Da hantsi. Ana ruwa? Na ce a'a, ranar ce ma rana ta fito, mai zafi kuwa. Yaushe ta faɗi? Bayan azahar.

Can Bilki ta ce, "Kaka, manjan Mama in ya yi barci, a rana take ajiye shi."

"Kowa ya san wannan, amarya. Akuya ma ta sani."

"To ai na saman ne rana ta fara duka."

Madam ta miƙe ta aiki Bilki wajen wata mai manja ta aro galan biyu, kowanne rabi, ɗaya daskararre daga cikin shago, ɗaya wanda ya sha rana a kan tebur. Ta sa aka kawo baro, aka ɗora kwali, aka ɗaura galan mai barci a can sama. Ta ce Bilki ta tura da sauri ta sha kwana a bakin rumfar mai shayi. Ta tura ta sha kwana lafiya. Aka sauya da narkakken. Tana karya kwanar muka ji manjan ya tafi gefe ɗaya ya bugi cikin galan, baron ya fizge daga hannunta ya kwanta a taɓo.

Masu lodi sun taru, har da Auwalu, wanda wani ya je ya gaya wa cewa 'yarsa na tura baro a tasha, ya taho da faɗansa a baki. Bilki ba ta ma gan shi ba. Tana tsaye da taɓo har gwiwa tana yi wa Madam bayani da hannu biyu, Turanci da Hausa da Ibo a haɗe: da safe kayan dutse ne, da rana sun zama ruwa, ruwan yana da wurin gudu tun da duron rabi ne, kuma yana can sama inda ɗan turi kaɗan ya isa. Mota ta juya, shi bai juya ba. Madam ta ce abin da ta rubuta musu a allo ke nan tun zangon farko, ta faɗi sunansa da Turanci. Bilki ta ce, "Wannan ne? Ai da kin ce manja ne."

Madam ta yi dariya, sannan ta daina. Ta ce ajin ya cika har wasu a taga suke zama, kuma littafin da aka ce ta gama kafin jarrabawa ba ya jiran baro.

Na san manja na narkewa a rana tun ina yaro. Na san ruwa a rabin bokiti yana tambal-tambal. Na san kaya a sama na rinjayar mota. Duka ukun suna cikin kaina shekara da shekaru, kowanne a ɗakinsa, ba wanda ya taɓa leƙa maƙwabcinsa. Baba ma ya san su, ya fi ni saninsu. Ba sammu, ba mutanen ɓoye, ba sakaci. Ƙa'idar da ya koya a kan buhun gero da dawa ya bi, ita kuwa ba ta san kayan da ke canza hali a hanya ba.

Na sayo lemo biyu masu sanyi. Karon farko ke nan da wani ya sha ba ni ba.

Ƙarshen zango Bilki ta kawo takarda. Fiziks ya fita daga ja, da ƙyar, kamar wanda ya tsallake kwata ya bar takalmi ɗaya. Lissafi yana nan ja abinsa. Na ce to, alkawari na yi, gobe zan shiga kasuwa neman almakashi. Auwalu ya daɗe yana duban takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Baba, bar almakashin tukuna. Madam ta ce akwai wani malami da ke koyar da lissafi ranar Asabar."

Yanzu kullum ina da tambaya a ajiye don kada ta huce. Me ya sa gadar nan take rawa in tirela ta hau amma ba ta faɗuwa? Me ya sa albasar da ke wata da watanni a Arewa take ruɓewa a nan cikin kwanaki? Wasu ta kawo amsa, wasu ta ce, "Tsohon miji, ka jira, ba a zo wajen ba," amma yanzu in ta faɗi haka tana komawa ta tambayo. Ku kuma da kuka baro aji kuka zo kuna ce mini lodi ƙarfi ne kawai, ga ƙa'ida ta uku da Baba bai samu ya koya mini ba: kafin ka ɗora kaya, ka tambayi abin da zai zama in rana ta yi. Duron da ba cikakke ba ba ya hawa sama a motar da na yi wa lodi, ko mai kayan zai yi kuka.

Makon jiya na gama wa wata mota lodi, mai zuwa Gumel. Na bi igiyoyin da yatsa ɗaya, ba wadda ta motsa. Direban tsoho ne irina, ya tayar da inji, ya leƙo ta taga.

"Sale Gammo, akwai saƙo?"

Na ce, "Akwai. Ya daɗe a hannuna, mai shi bai jira ba."

Na buga bodin motar sau biyu, ya ja ta suka hau hanya.